Jirgin Sauri Ba Ya Bi ta Gadarif

Jama'a, ku gyara zama. Ban zo in sa ku kuka ba, amma ban ɗauki alkawarin ba za ku ji haushina ba, don ni kaina in na tuna wani abin sai in ja tsaki.

Sunana Mastura. A Jidda aka haife ni, unguwar Ruwais, a gidan da iskar teku ke shigowa ta taga ta bar mana tsatsa a kan kwanuka. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar saba'in da huɗu, cikin watan Rajab, ina da shekara ashirin da ɗaya. A lokacin akwai mutumin da nake so, son da har tsoro yake ba ni.

Abdulghaffar sunansa. Bahaushen Sudan ne, ɗan garin Gadarif, shekararsa shida a Jidda yana aikin akawu a wani ɗan ofishin tafiye-tafiye a hanyar tashar jiragen ruwa. Duk Bahaushen da zai haye teku wurinsa yake zuwa yankan tikiti, na ruwa da na ƙasa, don shi ne zai zaunar da kai ya yi maka bayani da harshenka ba tare da ya ɗaga maka murya ba.

Babana, Malam Usuman, tsire yake sayarwa, kuma a bakin tukubarsa suka saba. Abdulghaffar kan tara masa tsofaffin takardun ofis na naɗe nama, ni ce mai yanka su a gida. Wata rana ina yanka sai na ga rubutun fensir a bayan wata: "Wanda ya sha shayin gidan nan ranar Juma'a yana gaida mai dafawa." Daga nan fa na zama mai son aikin yankan takarda, har Umma ta fara mamakin wannan sabuwar himma. Bai daɗe yana ɓoye-ɓoye ba, ya turo dattawa biyu suka nema masa izini. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, wata huɗu cur.

Ranar wata Juma'a, bayan mun ci shinkafa da kifi, Baba ya ce kowa ya zauna. Akwai kakata A'i, uwar Baba, wadda muke ce wa Sitti kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu. Akwai Gwaggo Dela, ƙanwar Baba, wadda in ta kafa maka ido sai ka fara tuno laifin da ka yi bara. Ni ina bakin ƙofa da tiren shayi.

Baba ya ce, "Yaron nan ban ga aibunsa ba. Yana salla, ba ya shan taba, bakinsa da kunya. Amma mutum ba daga sama yake faɗowa ba. A cikinmu wa ya san ƙofar gidansu?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To ni ba na ba da 'ya a kan ji. Gani ya kori ji."

Ashe Gwaggo ta riga ta ɗinka rigar, sawa kawai ya rage. Sitti tana da ƙanwa a Maiwurno, kusa da Sinnar, rabonsu da juna shekara arba'in da wani abu. Za a kai ta ziyara, Gwaggo da mijinta Baba Haladu su raka ta. Jirgin ruwa ya sauke su a Bor Sudan, su hau jirgin ƙasa. Hanya biyu ce ke kaiwa Sinnar. Ɗaya ta zaga ta Khartum, ɗaya ta bi ta Kassala ta ratsa Gadarif. Za su yanki tikitin Sinnar ta layin Kassala, in an zo Gadarif su sulale su sauka, su sauka gidan wani sanin Baba Haladu, su yi ta tambaya a kasuwa da masallaci har jirgin mako ya zagayo ya kwashe su.

"Kwana ashirin kacal kafilin Haladu, ubangidansa na aiki, ya ba shi," in ji Gwaggo. "In muka zaga ta Khartum, babu sauran kwanakin komawa Gadarif. Ko mu bi ta can a tafiya, ko mu haƙura."

Ta juyo gare ni. "Kuma ke, ya binti, 'yata, ki saurare ni. Bincike ba a yin sa da ganga. In yaron nan ya ji ƙishin-ƙishin, talgiram ɗaya zai buga, mu je mu tarar an share gida, an aro tabarma, an koya wa maƙwabta abin faɗa."

Na ce, "To Gwaggo, ai shi ne mai yankan tikitin."

"Shi ya sa nake miki magana. Da wani wuri muka je yanka, kafin la'asar ya ji, ya ce me ya sa aka guje shi. Wurinsa za mu, ke za ki riƙe min takardu tunda ke kika yi makaranta. Ki ɗinke bakinki."

Baba ya sa na rantse. Sannan ya faɗi maganar da ta sa tiren ya yi min nauyi a hannu: "In ba a ga gidansu ba kafin azumi, zan sallame shi ya nemi wata. Ba zan riƙe ɗan mutane ba, ba kuma zan riƙe ki ba."

Sitti ta tsotsi shayinta ta ce, "Ku dai ku bar min angona, in Mastura ba ta samu ba ni ina so." Aka yi dariya, ban da ni.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi. Na sa doguwar rigata ruwan ganye mai ƙananan furanni, wadda na ɗinka da kaina, na ɗora abaya a kai, na saki mayafi a fuska. Kada ku tambaye ni amfanin rigar da ba mai ganinta, ni ma ban sani ba. Turare dai na shafa har Gwaggo ta yi atishawa a cikin tasi ta harare ni.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka a sama tana kuka. Mai ofishin, wani tsohon Balarabe Bahadrame, yana kusurwa da carbinsa. Abdulghaffar na bayan tebur, farar riga, alƙalami biyu a aljihu. Da ya gan mu ya miƙe har yana ture kujera.

"Ahlan, Gwaggo! Sannunku da zuwa, ku zauna. Yaya Baba? Yaya ƙafar Sitti?"

Ni bai gaishe ni da baki ba, amma idonsa ya yi gaisuwar.

A bango akwai kalanda mai hoton wani farin jirgin ƙasa, hancinsa a dunƙule, ga dutse mai ƙanƙara a bayansa. Gwaggo ta nuna da haɓa.

"Wannan kuma jirgin sama ne aka cire wa fiffike?"

"Na ƙasa ne, Gwaggo, na Japan. 'Yan kasuwar da ke zuwa saro rediyo da yadi nakan riƙe musu wuri a ciki. Tafiyar da ta fi Jidda zuwa Madina, awa uku da 'yan mintoci ya gama. Sai dai mutum ya kula da tasha, don a garin Osaka tashar mai saurin daban, ta cikin gari daban. Akwai alhajin da ya je ya zauna a ɗaya, jirginsa na tashi a ɗaya."

"Allah Ya sawwaƙe. Sauri dai shi ke haifar da nawa. Mu ba Japan za mu ba, Maiwurno za mu."

Ta faɗi buƙata kamar yadda ta haddace: mutum uku, Bor Sudan zuwa Sinnar, ta layin Kassala.

Na ga alƙalaminsa ya tsaya a sama. Ɗan tsayawa kaɗan, sannan ya jawo taswira ya shimfiɗa a gabanmu.

"Gwaggo, in kin yarda in ba ki shawara. Kin ga nan, Hayya, nan layi ke rabuwa. Wannan na sama shi jirgin sauri ke bi, Atbara, Khartum. Yana da ɗakin kwana, da gado, da fanka, da ruwan sanyi. Ku kwana ɗaya a Khartum ku huta, ku hau na Sinnar. Shi kuwa na Kassala, sau ɗaya yake tashi a mako, kowane ƙauye sai ya tsaya an gaisa. Ga damina ta sauka, ruwa kan cinye ƙarƙashin layi, a yi kwana biyu a daji ana jiran gyara. Da tsohuwa fa za ku."

"Tsohuwar nan da ƙafa ta ratso Sudan ɗin, kana ina?"

"Lokacin tana da ƙafar, Gwaggo."

Wallahi sai da na ciji mayafina. Gwaggo ta gyara zama.

"Ni Khartum ɗin ce ba na so. Hayaniya."

"Ba sai kun shiga gari ba, akwai masauki a bakin tasha."

"Sauyin jirgi, da kaya, da tsohuwa."

"Zan buga wa wakilinmu ya tarye ku, ko jaka ba za ki ɗaga ba."

"Haladu yana son ya ga duwatsun Kassala."

Baba Haladu, jama'a! Mutumin da shekara ashirin yana Ruwais bai taɓa zuwa kallon teku ba. Abdulghaffar bai yi dariya ba, ya ce da ladabi ai daga taga ne, kuma sau da yawa da duhu ake wucewa.

Duk ƙofar da Gwaggo ta buɗe sai ya rufe ta da murmushi. Ni kuwa ina zaune kamar an dasa ni, zuciyata na ta ihu: bawan Allah, ka yi shiru mana! Kana tausayin ƙafar Sitti kana haƙa wa kanka rami. Rantsuwa ta ɗaure min baki, sai murza yatsu nake a ƙarƙashin abaya.

Ƙarshe Gwaggo ta miƙe. "Za mu yi shawara."

"Ranar Laraba kafin azahar nake buga sunaye Bor Sudan. In ta wuce, sai jirgin ruwa na gaba."

Muka koma, ni da Gwaggo muka sauka a bakin lungunmu. Ta tsaya ta dube ni.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ɗan Gadarif, a ce za a bi ta garinsu, maimakon ya ce ga saƙo ku miƙa wa uwata a tasha, sai ya yi ta kore mu Khartum?"

"Haba Gwaggo! Aikinsa ke nan. Da ya bar Sitti ta sha wuya, ke ce ta farko da za ki ce ba shi da imani."

"Uhm. So hana ganin laifi."

Na ji haushinta ƙwarai. Na shige ɗaki na yar da abaya a ƙasa, na ƙi cin abincin rana, abin da bai dami kowa ba sai cikina.

Abin da Gwaggo ba ta lissafa ba shi ne bakinta. Da take ba da labari a tsakar gida, don ta nuna wayon yaron, sai ta ambaci gado da fanka da ruwan sanyi. Sitti da ke gyaran gyaɗa a faifai ta ɗago kai.

"Gado? A cikin jirgi?"

"Haka ya ce, Iya."

"Mutum ya miƙe ƙafa ana tafiya da shi?"

"Iya, ba wannan ne zancen ba."

"Shi ne zancen mana. Shekara uku na yi a hanyar nan, ina tsinkar auduga a gonar mutane don mu sami na gaba, Usuman a bayana. Yanzu an ce ga gado, ke kin ce daji?"

Baba ya dawo ya tarar da wannan. Ya daɗe yana kallon ƙafafun Sitti, da suka kumbura har zoben yatsar ƙafarta ya nutse. Ya ce, "Ni fa ba zan jefa uwata a daji kwana biyu don neman aure ba. In hanyar ba ta yiwu ba, to Allah bai yi ba ke nan."

Kun ji fa. Mutum ya yi kirki, kirkin ya tashi cinye shi.

Ranar Litinin Baba ya shigo da sabon ƙunshin takardun naɗe nama. Na kai ɗaki na bi su ɗaya bayan ɗaya har na samu. Layi biyu ne: "Ki lallashi Gwaggo. Jirgin sauri ya fi wa Sitti, ki yarda da ni." Ko gaisuwa babu. Shi da yakan cika bayan takarda har gefe yana tambayar ko tarin Umma ya yi sauƙi. Na karanta sau biyar, a na biyar ɗin maganar Gwaggo ta dawo min.

Talata da safe ina shafa wa Sitti man zafi a ƙafa, ta leƙo fuskata.

"Ke, wannan ido na kuka ne ko na albasa?"

"Albasa, Sitti."

"Da sassafe? Maƙaryaciya." Ta kalli hannuna. "Kina son sa har haka?"

Na sunkuyar da kai.

"To gadon banza. Wadda ta kwana a kan buhun auduga ba za ta mutu a kan benci ba. Ki ce wa Dela ta yanki na dajin. Ubanki ki bar min shi, ni na haife shi."

Na rungume ƙafar da nake shafawa har ta ce in sake ta kafin in ƙarasa abin da tsufa ya fara.

Laraba muka koma. Wannan karon baƙar riga na sa, ban shafa komai ba. Gwaggo ta shiga da ƙarfinta, ta ce magana ta ƙare, layin Kassala, halas. Abdulghaffar bai yi musu ba. Ya rame a kwana huɗun nan, ko kuwa idona ne. Ya duba takardun ya ce saura hotunan Sitti.

"Suna wurin mai hoto, nan gaba da shago uku," in ji Gwaggo. Ta dubi tsohon Bahadramen a kusurwa, ta dubi ƙofa a buɗe, ta dube ni. "Zauna nan, kada ki motsa. Yanzu zan dawo."

Tana fita ya ajiye alƙalami.

"Mastura."

Na ɗago kai ta cikin mayafi.

"Tun ranar Asabar na gane. Ba mai ɗaukar tsohuwa ya bi layin Kassala da damina don ya ga dutse. Gidanmu za su."

Na ce, "Ni ban ce ba."

"Ba ki ce ba. Ni ne nake da abin cewa." Ya ture takardun gefe. "Duk abin da na faɗa a kan jirgin sauri gaskiya ne, gadon, da fankar, da ruwan da ke yanke layi. Amma ba don ƙafar Sitti na nace ba. Tsoro ne."

Fankar sama na ta kukanta.

"In sun sauka Gadarif suka tambayi gidan Bawa mai ɗinkin buhu, kowa zai nuna musu. Za su tarar da mahaifiyata. Za su kuma tarar da yarinya 'yar shekara bakwai, Sharifa. 'Yata ce."

Ban san lokacin da na yaye mayafin fuskata ba.

"'Yarka?"

"Ina da shekara ashirin da ɗaya na auri 'yar kawuna. Ta haihu, ba ta yi arba'in ba Allah Ya karɓi abarSa. Na kasa zaman garin, yarinyar na fara tafiya na hayo teku. Dattawan da na turo wa Baba 'yan garin Madani ne ba Gadarif ba, ba su sani ba, ni kuma ban faɗa musu ba."

Ku da kuke karantawa, na san wasunku sun fara cewa ai ba laifi ya yi ba, mutuwa ce. Ni ma na san haka. Ba yarinyar ce ta ƙona min rai ba, Allah shaida. Shirunsa ne. Na manta da tsohon da ke kusurwa, na manta da kunya.

"Takarda nawa ka rubuto min?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga, talatin da ɗaya. Ka ba ni labarin ruwan Gadarif, da ƙasarta mai kama takalmi, da akuyar da ta cinye maka littafi. Akuya ta samu wuri a takardarka, 'yarka ba ta samu layi ɗaya ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranar farko na ce sai kin san ni. Da kika san ni na ce sai Baba ya amsa. Kullum maganar na ƙara nauyi. Na ɗauka in suka bi ta Khartum, Baba zai wadatu da shaidar mutanen Jidda, in an ba ni sai in zauna in faɗa miki a tsanake."

"In an ba ka. Bayan an rufe ƙofa ke nan."

"Na yi kuskure, Mastura. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ni na yi ta ɓoyo."

Na yi wata dariya mara daɗi. "Ka san abin da Baba ya ce? In ba a ga gidanku ba kafin azumi, zai sallame ka. Jirgin saurin da kake ta talla, da sun hau, da ni da kai shi ke nan."

Nan rantsuwata ta karye, na sani, kuma na yi kaffararta daga baya. Shi kuwa ya yi tsuru, bakinsa a buɗe, ya dafa tebur da hannu biyu. Ya daɗe kafin ya jawo takardar riƙe wuri ya ajiye tsakaninmu, wurin tasha ba komai.

"To ke za ki faɗa. In kin ce Khartum, zan gaya wa Gwaggo ruwa ya yanke layi, kuma jiya ma an ce ya taɓa shi. Baba ya sallame ni, ba mai sanin dalili, ba mai yi miki gori a unguwa. In kin ce Gadarif, na rantse ba zan buga wa gida komai ba. Yadda gidan yake, haka za su gan shi."

Na leƙa ƙofa. Can na hango Gwaggo ta fito daga shagon mai hoto, ta tsaya tana taya wani mayafi a hannun mai talla. Allah Ya yi wa mai tallan nan albarka.

Na san Gwaggo. In ta shiga gidan nan ta ga yarinya ta fito da gudu, ba za ta tambayi yaya aka yi ba. Za ta dawo Jidda da magana ɗaya, ya ɓoye, kuma wanda ya ɓoye ɗaya zai ɓoye goma. Baba zai saurare ta. Ta kowace hanya dai ina iya rasa shi, bambancin kawai ko in rasa shi a rufe ko a buɗe. Sai kuma na sami kaina ina tunanin wani abu daban: yarinya 'yar shekara bakwai da ubanta ya haye teku tana tatata, wa ke mata kitso? In an yi auren nan, a ɗakina za ta kwana ko kuwa za a ci gaba da ajiye ta can kamar ba a haife ta ba?

"Ta san da ni?"

"A'a."

"Kai dai ka iya shiru." Na mayar da mayafina. "Rubuta Gadarif. Ba Sinnar ba, Gadarif, ƙarara. Tikitin ƙarasawa Sinnar sa yanka a can."

Ya ɗauki alƙalami. "Mutum uku."

"Huɗu."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ban yafe ba tukuna, kada ka yi murna. Rubuta: Mastura Usuman."

Ya rubuta. Yana ɗora hatimi Gwaggo ta shigo da hotuna a hannu ɗaya, sabon mayafi a ɗayan. Ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa, don ba ta karatu, ta miƙo min.

"Layin Kassala ne?"

"Shi ne, Gwaggo."

Ta yi masa wani kallo na wadda ta ci gari. "Ka gani, ɗan nan? Tafiya sannu-sannu kwana nesa." Ya ce haka ne, Gwaggo, Allah Ya kiyaye hanya. A cikin tasi ta yi ta yaba wa kanta, wai ko a mafarki yaron bai gane komai ba. Ni dai ina kallon titi.

Bayan la'asar, kafin Baba ya fita kasuwa, yana zaune a tabarma yana soke nama a tsinke, Sitti na gefensa, Umma na daka yaji. Gwaggo ta ce in kawo takardar. Na durƙusa na miƙa masa. Ya goge hannu a zanen da ke kafaɗarsa, ya nisanta ta da idonsa, yana bin layukan da yatsa. Baba ba ya karanta rubutun ofis da sauri, amma ƙirga ba ta taɓa kuɓuce masa ba.

"Iya, ɗaya. Dela, biyu. Haladu, uku." Yatsan ya tsaya. "Na ga huɗu."

Taɓaryar Umma ta yi shiru. Gwaggo ta ce, "Huɗu kamar yaya?"

Baba bai dube ta ba, ni yake kallo. "Na huɗun wane ne?"

Na ɗago kai na dube shi.

"Ni ce, Baba."

"Ke? Yaushe aka fara tafiya da yarinya binciken aurenta?"

"Ka gafarce ni. Akwai wadda ya kamata in gani a gidan da idona. In an yi auren, ba Gwaggo ce za ta riƙe ta ba, ni ce."

Baba ya ajiye tsinken naman a hankali a kan tire. Ya ninke takardar biyu, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Dela, rufe ƙofar gida," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Wace ce?"